Yadda ake bin diddigin maganar Wikipedia kafin a kafa hujja da ita a musu

Duk mai zaman majalisa a Jos ya san musu ya sauya salo. A teburin mai shayi a Bauchi Road, ko gidan kallon ƙwallo a Rikkos, ko bencin ƙofar shago a Dilimi, da zarar gardama ta ɗauki zafi sai wani ya zaro waya, ya ɗan latsa, ya miƙo maka ita har kusa da hanci: "Ga shi nan, Wikipedia ma ta faɗa." Kafin ya sauke hannu wani ya ce, "Haba Malam, Wikipedia da kowa ke shiga ya rubuta son ransa?" Daga nan an bar abin da ake musu a kansa, an koma ja-in-ja a kan Wikipedia, a tashi ba wanda ya ƙaru.

Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shafin ranar 15 ga Janairun 2001, masu sa kai ne ke rubuta shi, kuma yawancin muƙalolinsa kowa na iya taɓa su. Gidauniyar Wikimedia da ke Amurka tana kula da na'urori da kuɗin gudanarwa, amma ba ita ke rubutun ba. Sai dai masu sa kan suna da dokoki masu tsauri: duk maganar da za a iya ja da ita sai an kawo mata madogara daga abin da aka riga aka wallafa, ba a yarda edita ya shigar da binciken kansa ba, kuma ba a yarda a ɗauki ɓangare ba. Har ma dokarsu ta hana a kafa hujja da wata muƙalar Wikipedia a cikin wata muƙalar. To idan masu gidan ba sa karɓar "Wikipedia ta ce" a tsakaninsu, kai ma bai kamata ka tsaya a nan ba.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane tsarin nan da nan. Wikipedia mai ruwaya ce, aikinta ta ce "na ɗauko daga wane". A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da za ka yi da wayarka ke nan: ka bi mai ruwayar har ka isa ga wanda ya faɗi maganar tun asali. Ga yadda ake yi.

Da farko, tantance irin maganar da kuke musu a kanta

Ingancin Wikipedia ba ɗaya ba ne a ko'ina. Inda idanu suka yi yawa, kuskure ba ya daɗewa. A watan Disambar 2005 mujallar kimiyya ta Nature ta sa masana suka duba muƙaloli 42 na kimiyya a Wikipedia da kuma kundin Britannica, suka sami kurakurai kusan huɗu a kowace muƙala ta Wikipedia, kusan uku a ta Britannica. Kamfanin Britannica ya yi ja da yadda aka gudanar da binciken, kuma an jima da yin sa, amma ya nuna cewa a kan abubuwan da masana da yawa ke dubawa tazarar ba ta kai yadda mutane ke zato ba. Idan musunku a kan ƙasar da ta ci kofin duniya a wata shekara ne, ko shekarar da Plateau United ta lashe gasar ƙwallon Najeriya, wato 2017, Wikipedia za ta raba ku lafiya.

Gizo yana saƙa ne a wasu wurare: tarihin unguwa ko ƙauye, jerin sunayen sarakunan wata masarauta, tarihin rayuwar ɗan siyasar da ke neman kujera, yawan mutanen wata ƙabila, da labarin da ya faru jiya. Irin waɗannan shafuka masu dubawa kaɗan ne, masu son zuciya a kansu kuma suna da yawa. Abin takaici, su ne dai abubuwan da muka fi ta da jijiyar wuya a kansu a garin nan.

Akwai kuma musun da babu kundin da zai warware shi. Wane gwamna ya fi wani aiki, wane ɗan wasa ya fi iya taka leda, wannan ra'ayi ne. Kada ka ɓata data a kansa.

Na biyu, kada ka karɓi hoton allo

Idan abokin musunka ya turo maka hoton shafin a WhatsApp, ka ce ya turo adireshin, ka buɗe da kanka. Mutum na iya shiga muƙala ya sauya shekara ko lamba, ya ɗauki hoton allonsa a cikin minti ɗaya, kafin wani edita ya mayar da ita yadda take. Gyaran ya tafi, hoton kuwa ya ci gaba da yawo shekara da shekaru. Mai kwamfuta ma ba sai ya taɓa Wikipedia ba, yana iya sauya rubutun a kan allonsa kaɗai ya ɗauka. Kuma ko hoton na gaskiya ne, sau da yawa an yanke jimlar da ke biye, wadda ta ce wasu masana ba su yarda da hakan ba.

Mu a Filato ba sai an yi mana dogon bayani a kan haɗarin hoton da ba a san asalinsa ba. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen 2018 ya nuna cewa daga cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin yankin Barikin Ladi a watan Yunin shekarar, akwai wanda ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba.

Na uku, nemi ƙaramar lambar da ke ƙarshen jimla

Ka buɗe muƙalar, ka samo ainihin jimlar da ake musu a kanta. Kada ka tsaya a akwatin bayanai na sama, wanda ke ɗauke da hoto da ranaku da lambobi, domin taƙaitawa ce, kuma nan ne aka fi yi wa ɓarna saboda sauya lamba ɗaya ba ya jan ido. Gangara cikin jikin muƙalar inda aka yi bayanin a tsanake.

A ƙarshen jimlar za ka ga wata 'yar ƙaramar lamba shuɗiya, ta ɗan ɗaga sama da layin. Taɓa ta da yatsa. A waya, wani ɗan akwati zai taso daga ƙasan allo ya nuna maka inda aka ɗauko maganar: sunan marubuci, sunan littafi ko jarida, shekara, wani lokaci da lambar shafi. Duka jerin yana can ƙasan muƙalar, a sashen da Wikipedia ta Hausa ke kira Manazarta.

Abu uku ne zai iya faruwa. Ko ka ga lambar, ko ka ga babu komai, ko ka ga an rubuta "citation needed" a ta Turanci, a ta Hausa kuma "ana buƙatar hujja". Na biyu da na uku hukuncinsu ɗaya: maganar ba ta da mai ita. Tana iya zama gaskiya, amma a musu ba ta fi "an ce" nauyi ba, ko da kuwa tana goyon bayanka. Wannan shi ne wurin da ake gane mai neman gaskiya, don da wuya mutum ya ajiye jimlar da ta yi masa daɗi.

Idan lambar tana nan, dubi irin madogarar. Littafin da jami'a ko sanannen kamfanin ɗab'i ya buga, maƙalar mujallar ilimi, rahoton hukuma mai alhakin abin, da jaridar da ke da edita da adireshi, waɗannan suna da nauyi. Shafin wani mutum shi kaɗai, rubutun Facebook, shafin ƙungiyar da ke da hannu a rigimar, ko sanarwar da mai magana da yawun ɗan siyasa ya raba wa jaridu suka buga ta yadda take, waɗannan sai a yi hattara. Editocin Wikipedia ta Turanci su ma suna tace madogara: a 2017 suka yanke shawarar daina dogara da jaridar Daily Mail ta Birtaniya saboda rashin ingancin labaranta.

Na huɗu, buɗe madogarar ka karanta da idonka

Yawancin mutane a nan suke gajiya, alhali nan ne aikin yake. Ganin lamba ba ya nufin littafin ya faɗi abin da aka jingina masa. A 2022 aka gano cewa wata edita a Wikipedia ta harshen Sinanci ta shafe kusan shekara goma tana ƙirƙirar tarihin Rasha na da, muƙaloli sama da 200, da yaƙe-yaƙe da sarakunan da ba a taɓa yi ba, tana jingina su ga littattafai. Asirinta ya tonu ne da wani marubuci ya je neman madogarar ya tarar babu maganar a ciki. A ta Turanci ma wata muƙala a kan yaƙin da aka ce an yi a yankin Goa na Indiya ta zauna daga 2007 zuwa 2012, har da lambar yabo ta kyakkyawar muƙala, alhali yaƙin ƙanzon kurege ne.

Saboda haka taɓa adireshin ka shiga. Idan rubutun yana da tsawo, yi amfani da wurin neman kalma a cikin shafi, ka sa shekarar ko sunan da kake nema. Idan littafi ne, kwafi wani yanki na jimlar ka nema a Google Books, sau da yawa zai nuna maka 'yan layukan shafin. Idan adireshin ya mutu, abin da ya zama ruwan dare da tsofaffin shafukan jaridunmu da na ma'aikatun gwamnati, kwafe shi ka liƙa a Wayback Machine, rumbun da ke adana hoton shafukan intanet yadda suke a da. Idan kuma maganar mai girma ce, kamar wadda za ta shiga takardar kammala karatu ko wa'azi ko shirin rediyo, tashi ka taka zuwa ɗakin karatu na Jami'ar Jos ko reshen ɗakin karatu na ƙasa. Takardun zamanin Turawa da suka shafi Lardin Filato kuwa, a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ake neman su.

Da ka samu wurin, tambayi kanka abu biyu. Shin marubucin ya faɗi maganar a matsayin tabbas, ko cewa ya yi "wasu na ganin" sai editan ya share wannan ɓangaren? Sannan yaushe aka buga madogarar?

Tambayar ta biyu tana da dalili. Akwai zagayen da ƙarya ke yi ta dawo da rigar gaskiya: wani ya rubuta abu a Wikipedia ba hujja, ɗan jarida mai gaggawa ya kwafa ya buga, sai wani editan ya zo ya kafa hujja da jaridar. A watan Maris na 2009, da mai tsara kiɗan finafinai ɗan Faransa Maurice Jarre ya rasu, wani ɗalibi a birnin Dublin ya ƙirƙiri wata magana ya jingina masa a Wikipedia don ya gwada 'yan jarida. Manyan jaridu, har da Guardian ta Birtaniya, suka saka ta a ta'aziyyarsa. Maganin wannan shi ne ka gwada ranar da aka buga jaridar da ranar da jimlar ta shiga Wikipedia. Idan jimlar ta riga jaridar, kuma kalmominsu iri ɗaya ne, to ba ka da shaida biyu, shaida ɗaya ce ta zagayo.

Haka nan idan ka nemi maganar a Google ka ga shafuka goma sun maimaita ta kalma da kalma, mai yiwuwa duk daga Wikipedia suka kwaso. Akwatin amsa da Google ke nunawa a sama, da amsar da ChatGPT ko Meta AI na cikin WhatsApp za su ba ka, su ma suna ɗibar kaso mai yawa daga can. Wanda ya ce "na tambayi AI ma haka ta ce" bai kawo sabon mai shaida ba.

Lambobin Jos suna buƙatar kulawa ta daban

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba ƙasar mutum 140,431,790, Jihar Filato kuma kimanin miliyan 3.2. Duk wata lamba da ka gani ta shekarun bayan nan hasashe ne da aka lissafa, don haka ka duba wa ya yi hasashen. Abin da ya fi wannan muhimmanci: ƙidayar 2006 da ta 1991 ba su tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba. Idan ka ga an rubuta cewa kashi kaza cikin ɗari na mutanen Jos Musulmi ne ko Kirista ne, ko Birom ko Hausawa ko Anaguta ko Afizere, ka sani ba daga waɗannan ƙidayoyin lambar ta fito ba. Ƙiyasin wani ne, kuma dole ka san ko wane ne kafin ka ɗaga murya da ita.

Adadin waɗanda suka rasu a rikicin Satumbar 2001, ko na Nuwambar 2008, ko na Janairun 2010, shi ma haka yake. 'Yan sanda sun ba da nasu, shugabannin al'umma sun ba da nasu, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da nata, kwamitocin bincike irin na Mai Shari'a Niki Tobi da na Bola Ajibola sun saurari shaidu. Muƙala mai kyau za ta jera su ta ce wane ya ce kaza, wane ya ce kaza. Wadda ta ba ka lamba ɗaya tak ba tare da sunan mai ita ba, kada ka ɗauke ta zuwa majalisa. Rayukan 'yan'uwanmu ne, na kowane ɓangare, ba abin cin musu ba ne.

Wani lokacin kuma za ka tarar ku duka biyun kuna da gaskiya. Ɗaya ya ce an kafa Jami'ar Jos a 1971, ɗaya ya ce 1975. Ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Haka Abuja: gwamnatin Murtala ta yi dokar kafa ta a 1976, amma sai ranar 12 ga Disambar 1991 fadar gwamnati ta tare daga Legas. Akwatin sama yakan ɗauki shekara ɗaya, cikakken bayanin yana cikin jikin muƙalar.

Na biyar, shiga tarihin shafin

Wannan ne abin da Wikipedia ta fi kowane littafi da shi, kuma kaɗan ne cikinmu suka taɓa buɗe shi. Duk gyaran da aka taɓa yi wa muƙala yana ajiye, da rana da lokaci da sunan wanda ya yi. A kwamfuta, maɓallin yana sama, an rubuta "View history", a ta Hausa kuma "Duba tarihi". A waya, gangara can ƙasa, za ka ga layin da ke cewa an yi gyaran ƙarshe kwana kaza da suka wuce, taɓa shi. Idan allon ya matse maka, a ƙarshen shafin akwai wurin sauya shi zuwa tsarin kwamfuta, ya fi nuna komai.

Za ka ga layuka a jere, sabon gyara a sama. Kowane layi yana da lokaci, wanda ke bayan agogon Najeriya da awa ɗaya idan ba ka shiga da asusu ba, sai sunan edita ko jerin lambobi idan bai yi rajista ba, sai wata lamba kore ko ja. Kore na nufin an ƙara rubutu, ja na nufin an rage. Ja mai kauri da lamba babba na nufin an share sashe guda, sai ka duba me aka share. Taɓa layin, shafin zai nuna maka tsohon rubutun da sabon, an haskaka abin da ya sauya.

Ga abin da za ka sa wa ido. Idan jimlar da kuke musu a kanta jiya ko yau ta shiga, kuma wanda ya sa ta bai bar madogara ba, ajiye ta. Idan ka ga mutum biyu suna ta mayar da gyaran juna, wannan ya sa wancan ya cire, to shafin fagen daga ne, abin da ka gani da safe ba lallai ka tarar da shi da yamma ba. A Wikipedia ta Turanci akan dakatar da wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku cikin awa 24 a shafi ɗaya, amma kafin a kai ga haka an riga an ɗauki hotuna an watsa. Taɓa sunan editan ka ga sauran ayyukansa. Wanda ya yi shekaru yana gyara muƙaloli iri-iri daban yake da asusun da aka buɗe makon jiya, bai taɓa komai ba sai shafin ɗan takara guda. A 2015 an toshe asusu 381 a lokaci ɗaya saboda rubutun kuɗi a ɓoye, kuma tun 2014 doka ta wajabta wa duk wanda aka biya ya bayyana. Muƙalar da ta cika da kirari da jerin lambobin yabo, babu ko suka ɗaya, ka yi mata kallon takardar talla.

Don gano ranar da wata jimla ta fara shiga, a saman shafin tarihin na Turanci akwai wata na'urar bincike mai suna "Find addition/removal". Sa 'yan kalmomi daga jimlar, za ta lalubo maka gyaran da ya kawo ta. Kada kuma daɗewar magana ta ruɗe ka. A 2005 wani ya rubuta cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙanensa Robert, ƙaryar ta kwashe kusan wata huɗu ba wanda ya lura. A shafin da ba a cika ziyarta ba, ƙarya na iya shekaru.

Na shida, alamomin da ke saman shafi

Wannan ba ya cin lokaci. Akwatin gargaɗi a saman muƙala, mai cewa tana buƙatar ƙarin madogara ko ana jayayya a kan adalcinta, editoci ne ke yi maka hannunka mai sanda. Tauraro a kusurwa na nufin muƙalar ta tsallake tantancewa mafi tsauri. Hoton kwaɗon kulle ƙofa na nufin an taƙaita masu iya gyarawa: mai ruwan azurfa sai asusun da ya kwana huɗu ya yi gyara goma, shuɗi kuma sai wanda ya yi kwana 30 da gyara 500. Kwaɗo yana hana ɓarnar masu wucewa, amma ba shaidar cewa duk abin da ke ciki daidai ne ba. Sannan leƙa shafin Tattaunawa, wanda ke maƙale da kowace muƙala. Sau da yawa za ka tarar musun da kuke yi a majalisa an riga an yi shi a can, kowa ya baje littattafansa.

Idan ta Hausa ka buɗe

Wikipedia ta Hausa aikin 'yan'uwanmu ne masu sa kai, kuma sun cancanci yabo, don sun sa yaron da Turancinsa bai yi ƙarfi ba yana samun abin karantawa. Amma editocinta ba su kai ko kusa da na Turanci yawa ba, kuma muƙaloli da dama fassara ce daga Turancin, wasu da taimakon na'ura ba a tsaya an gyara ba. A irin wannan fassarar sunan mutum kan koma kalmar gama-gari, namiji ya koma mace, miliyan ta rikiɗe. Idan ka ji Hausar tana yi maka wani iri a kunne, taɓa alamar harsuna ka buɗe ta Turancin, ka gwada lambobi da shekaru. Ta Turancin kuma tana iya yin gaba da gyare-gyare bayan an fassara, ta Hausar ta tsaya a inda take. A wani ɓangaren, akwai malamai da mawaƙa da garuruwanmu da ta Hausa ta fi ta Turanci bayani a kansu. A nan ma dai Manazarta za ka gangara.

Magana ta magani, ta hukuncin addini, ko ta shari'a kuwa, karanta don ka san tambayar da za ka yi, sannan ka kai ta ga likita ko malami ko lauya. Idan musun a kan abin da tsarin mulkin 1999 ya ce ne, buɗe sashen ka karanta shi da kansa. Sakamakon zaɓe kuma na hukumar INEC ne.

Yadda za ka kawo abin da ka samu cikin musun

Bayan duk wannan wahalar, kada ka koma ka ce "Wikipedia ta ce". Ambaci mai maganar: hukumar ƙidaya ce ta fitar a shekara kaza, littafin wane ne a shafi kaza. Faɗi kuma iyakar abin da ka gani. Idan Wikipedia ce ta nuna maka littafin amma ba ka samu buɗe shi ba, ce haka. Idan masana sun rabu biyu, kawo ɓangarorin biyu, har da wanda bai yi maka daɗi ba, domin idan ka ɓoye shi abokin musunka zai gano, daga ranar kuma maganarka ta rage daraja a wurin.

Idan za ka tura adireshi a rukunin WhatsApp, tura na dindindin. A tsarin kwamfuta, cikin jerin kayan aiki, akwai "Permanent link", wanda ke ba ka adireshi mai lamba a ƙarshe. Duk wanda ya buɗe shi zai ga shafin yadda ka gan shi a ranar, ko an sauya daga baya.

Lafazi ma yana da nasa aiki. Da sa'anka kana iya cewa, "Abokina, taɓa lambar nan mu ga wa ya faɗa." Da babba kuwa ba a miƙa waya a fuska. Sai ka rage murya: "Baba, Allah ya ƙara girma, na ga an rubuta wata shekara daban a wani littafi, ko za a duba mana?" Sau da yawa dattijon da ya yi aikin kuza ko ya ga Babbar Kasuwar Jos kafin gobarar 2002 ya san abin da babu shi a kowane shafi, kuma idan ka kunyata shi gaban yara ka rufe wa kanka wannan ƙofar. Wanda kuma ya yi watsi da magana don kawai daga Wikipedia ta fito, tambaye shi wace jimla ce ba daidai ba, kuma mece ce tasa madogarar. Shi ma nauyin hujja yana kansa.

Idan ka tarar da kuskure

Gyara shi. Buɗe asusu kyauta ne, kuma ba dole sai da sunanka na gaskiya ba, abin da ya fi dacewa idan za ka taɓa batutuwa masu zafi. Taɓa alamar alƙalami kusa da sashen, sauya abin da ya kamata, saka madogararka da sunan marubuci da shekara da shafi, sannan ka rubuta taƙaitaccen dalili a akwatin da ake tambaya kafin ka wallafa. Idan wani ya mayar da gyaranka, kada ka sake mayarwa, je shafin Tattaunawa ka ajiye hujjarka ka jira amsa. Shafinka, na maigidanka, ko na ƙungiyarka kuwa, kada ka gyara da hannunka, rubuta buƙatar a Tattaunawa ka bayyana alaƙarka.

Abin da zai fi ba ka ciwo shi ne Wikipedia ba ta karɓar "kakana ya gaya mini", ko da kakan ganau ne. Tarihin unguwanni irin su Gangare da Naraguta da Bukuru da yawansa yana bakin dattawa, kuma ba zai shiga ba sai an fara buga shi a wani wuri mai edita. Idan kana da irin wannan dattijo a gida, nemi izininsa ka naɗi muryarsa a waya, ka rubuta ranar da wurin da sunan waɗanda ke zaune, sannan ka kai wa ɗan jarida ko malamin sashen tarihi a jami'a wanda zai gwada shi da sauran ruwayoyi ya wallafa. Bayan an buga, sai ka dawo ka saka shi a muƙalar da lambar shafinsa.